Yashi a Tukunyar Farfesa

Ga wata nan gare ku, jikokina. To, ta ƙaraso ku ji ta.

Ƙanena farfesa ya buga tebur har shayi ya zube. Ya tsufa yana gina wata tukunyar ƙarfe a ɗakin bincikensa na birnin Sendai a can ƙasarsu, wai idan ya zuba mata garin sinadarinsa tana fitar da zafi fiye da lantarkin da ta sha. 'Yarsa, ita ma masaniyar kimiyya, ta ce kafin ya kira 'yan jarida a fara gwada ma'aunin zafin ba tare da garin ba.

"Ke da na haifa za ki auna ni? Ɗalibaina sun taɓa neman haka?"

"Wa ya isa, Baba? Rusuna maka kawai suka iya."

"Fice min daga nan!"

Washegari ya tara ɗaliban ya kunna tukunyar. Allurar ma'auni ta hau kamar kullum, suka hau tafi.

"Ina mai bakin? Zo ki gani, malama!"

Ta zo ta kwance murfin, ta juye tukunyar a tebur. Yashin bakin teku ne zalla, ita ta musanya garin da shi da sassafe.

"Ma'auninka ke ƙarya, Baba. Ko shinkafa ka zuba, haka zai hau."

Ɗaliban suka watse wurin wasu malamai. Ita ta koma birnin Osaka tana koyarwa. Shi yana gidana yana cin girkina, bai sake kunna tukunyar ba, bai kuma yafe mata ba. Ni kuwa har yau haushinsu nake ji su biyun.