Allurar da Ta Karkace

Saja Cabañas ne ya danna wa ƙofar shagon Anselmo mai gyaran rediyo sakata, ya jawo kujera ya zauna a bakinta. Ƙarfe biyu, duk birnin Asunción na barcin rana, babu mai wucewa balle ya leƙo.

"Malam Anselmo, an ce duk garin nan babu mai hannunka," in ji Laftana Riquelme, matashi ɗan gayu mai ƙamshin turare. Ya ajiye na'urar karanta faifai a kan teburi, da wani baƙin faifan kwamfuta cikin ambulan. "A gidan wata malamar makaranta muka samo su, ita ta tsere. Sunayen masu tsallakar da mutane kogi a ɓoye duk suna ciki. Fito mana da su a allo, mu ba ka wuri."

"In ka kasa kuma," Saja ya ce, "akwai wuri a bayan mota. Babu taga, amma akwai inuwa."

Anselmo bai yi dariya ba. Shekara ashirin yana gyaran rediyo, uku yana fama da kwamfutocin gida, bai taɓa jin shagonsa ya yi masa kaɗan ba sai yau. Ƙanin matarsa na da kwalekwale a bakin kogi, kuma ba kullum yake dawowa da kifi ba.

Anselmo ya jona waya daga bayan kwamfutarsa zuwa na'urar, ya kunna. Jar fitila ta ƙyafta ta ɗauke. Ya buga umarni, ya kira ta da lamba takwas, lambar da duk irinta ke amsawa. Allo ya ce babu kowa a can.

"Ta mutu, ranka ya daɗe," ya ce da sauri.

"To sai mu kai wa injiniyanmu gobe," in ji Laftana.

"Kai tsoho, a takwas ƙidayarka ta tsaya?" Saja ya daka masa tsawa. "Gwada ta gaba!"

Ya gwada tara. Na'urar ta yi gurnani ta farka.

Anselmo ba ya fara saka faifan mutane a injin da bai sani ba, sai ya gwada da nasa. Ya zura faifan gwaji. Na'urar ta hau ƙwanƙwasa, gau-gau-gau, kamar mai neman a buɗe mata ƙofa, sannan ta ce ba ta iya karantawa. Ya kwance murfin ya leƙa.

An sassauta sukurori biyun da ke riƙe da 'yar na'urar da ke tura allurar rubutu da karatu, an ɗan juya ta kamar kaurin gashi, an sake ɗaurewa, an ɗiga gam a kai. Wannan ba faɗuwa ba ce, aikin hannu ne, na wanda ya san abin da yake yi. Allurar da ta karkace, a karkace take rubutu. Abin da ta rubuta babu injin da zai karanta a duniya sai ita, muddin tana nan yadda take. In aka saka baƙin faifan yanzu, sunayen za su jeru tsaf.

Ya dubi ƙofa, Saja na zaune. Ya dubi taga, ƙarfen da shi da kansa ya sa saboda ɓarayi ne ke kallonsa.

"Bar naka, saka namu mu gani," Laftana ya ce, yana miƙo ambulan.

Saja ya miƙe. "Ranka ya daɗe, injin da ke tauna faifan mai shago za mu ba shaidarmu? In ya cinye ta, ni za a tsire, ba wannan tsohon ba." Ya juyo. "Me ka gani a ciki?"

"Allura ce... ba ta zauna daidai ba."

"To daidaita ta! Ko sai na riƙe maka sukudireba?"

Sauran bayanin na bakin Anselmo: in ya daidaita ta, baƙin faifan ba zai ƙara karantuwa ba. Ya haɗiye shi. In injiniyansu ya gano daga baya, ya san inda zai kwana. Duk da haka ya kankare gam ɗin.

Rabin awa yana juyawa, yana gwadawa, yana sake juyawa. Su biyun suna ta miƙa wa juna ƙoƙon tereré, jiƙon ganyen shayi mai sanyi, ba wanda ya sa shi a layi. Daga ƙarshe faifan gwaji ya buɗe. Saja ya sa ya gwada wasu uku daga kan kanta, duk suka buɗe lafiya lau.

Sannan aka zura baƙin faifan.

Gau-gau-gau. Babu komai. Sau goma Laftana ya sa aka maimaita, na ƙarshe da hannunsa ya buga umarnin.

"Injin dai ka gani da idonka, garau yake," Anselmo ya ce. "Faifan ne. Irinsu ba sa son zafin mota."

Laftana ya yi tsaki, ya kwashi kayansa, ya zare sakata ya fita. Saja bai bi shi ba. Ya shaƙi wuyan rigar Anselmo ya haɗa shi da kanta, har rediyoyi biyu suka faɗo, ya surfa masa zagi yadda za a ji daga mota. Anselmo ya rufe ido yana jiran mari.

Sai ya ji numfashin mutumin a kunnensa.

"Kwana uku na yi ina karkata wa malamar allurar nan tun kafin ta rubuta sunayen, kai ka miƙe ta a rabin awa. Allah ya yi maka albarka, tsoho. Sunana ne na huɗu a faifan."