Yankan da ke Yatsan Yaya Sani

Ina shekara tara Inna ta zane ni saboda fulas ɗin shayinta da aka fasa. Yayana Sani ne ya ce ni ce. Ina kuka a soron gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, sai Kawu Bala, malamin firamare a Tarauni, ya shimfiɗa kwalin wasan gano ɓarawo da ya zana wa ɗalibansa, mai ɗakuna shida da katunan alamu.

Ya ce, “Share hawayenki. A wasan nan ba a rantsuwa, shaida ake kawowa.”

Sani ya shigo wasan yana yi mini gwalo. Da ya miƙo hannu zai ɗauki kati, na ga sabon yanka a yatsansa, ga ƙyallin gilashi a naɗin hannun rigarsa. Na jira har Inna ta zo wucewa.

Na ce, “Inna, dubi hannun Yaya.”

Bulalar da ta taɓa jikina ita ta sauka a nasa, ina tsaye ina kallo ko ƙiftawa ban yi ba. Yau Sani har da furfura, kullum yana roƙona in daina ba 'ya'yansa labarin. Ban daina ba.