Maƙerin da Ya Sauko Daga Dutse

Akwai wani gari da ya faro daga kan dutse. Tun zamanin hare-hare mutanen farko suka kewaye ƙololuwar dutsen da ganuwa, suka gina masallaci da rumbuna a ciki. Maƙera suka zauna a bakin ƙofa, don su ke ƙera mashi da kibiya, marina a ƙasa da su, sannan fatake, har gari ya gangaro fili. Kowane lungu ka bi, ƙofar dutsen zai kai ka. Al'adarsu kuwa, da an gama girbi, kowane gida sai ya hau ya yaɓe rabonsa na ganuwa. A can sama aka binne cibiyar wani maƙeri, kuma bai san daɗin da ya kai na ranar yaɓe ba: maza na cuɗa ƙasa da ƙafa, makaɗa na zuga su, tsohuwarsa na raba fura a manyan ƙorai. Da aka samu zaman lafiya, kasuwa ta koma ƙasa, shi ma ya kwashi kayan ƙirarsa, uwar maƙera da zugazugi, ya bi ciniki. Shekarar farko ya hau yaɓe. Ta biyu ya tura ɗan ƙwadago. Daga nan kullum sai baɗi, wai ganuwar da ta ga kakanni ba damina ɗaya za ta cinye ta ba. Ashe maƙwabtansa ma abin da suke faɗa ke nan.

Da tsufa ya kama shi, sai kewar gida ta taso masa. Ba abin da yake so irin ya sake zama a ɗakin tsohuwarsa kafin ta Allah ta kasance. Ya dogara sanda ya hau, yana tafe yana hutawa. Ya tarar ganuwa ta narke ta zama tudun ƙasa, tumfafiya ta tsiro a kai. Ya yi gabas ya yi yamma, ko inda zaurensu yake ya kasa ganewa. Wata mata mai kiwon awaki ta gan shi yana dube-dube, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, hala baƙo ne? Ai nan ba kowa, gari yana ƙasa." Ya buɗe baki zai ce nan aka haife shi, sai ya ga ko guntun bangon da zai nuna mata babu. Ya zauna a kan dutse, hawaye na bin gemunsa.

Shi ya sa magabata suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.