Mai Fiton Da Ke Kifar Da Kwalekwalensa Da Rani

Nafi'u, ka ce an kira ka kwas ɗin sabunta ilimi, ranka kuma ya ɓaci saboda za a tsayar da kai a kan mutum-mutumin roba, kana danna masa ƙirji, kana zura masa bututun numfashi, alhali ka daɗe kana yi wa masu rai tiyata. Ban ga laifinka ba. Ni da na koyar da kai, ran da aka fara kawo mana irinsa sai da na yi tsaki. Amma zauna ka ji abin da ya faru a mashigin kogin garinmu.

Masu fito biyu ne a mashigin nan. Ɗaya dattijo ne wanda ya gaji sana'ar kaka da kakanni, kuma tun da ya kama filafili kwalekwalensa bai taɓa kifewa ba. Ɗayan magidanci ne, shi da ƙanensa suke aiki, kuma yana da wata al'ada mai ba mutane dariya. Duk rani, in ruwa ya ja baya har ya tsaya wa mutum iya ƙirji, sai ya saro kututturan ayaba ya jera su cikin kwalekwale kamar fasinjoji. Ya ce wannan tsohuwa ce, wancan mai goyo ce, na bayan nan ƙato ne da bai iya ruwa ba. Sai su tura zuwa tsakiya, su kifar da jirgin da gangan, su shiga ceto. Ba sa zuwa wa kututture ta gabansa, sai ta bayansa, don wanda ruwa ke ci duk abin da ya kama ba ya saki. Su jawo kowanne su jingina shi da bayan jirgin, ɗaya ya jefa igiya, ɗaya ya ƙirga kawuna, kaya kuwa a bar wa ruwa. Sau da yawa abin ba ya yin kyau. Igiya ta sarƙe, ko su waiga su ga mai goyon ta yi nisa. Sai su yi ta gardama a kan wa ya yi sake, su ɗebe ruwan jirgin, su sake tun daga farko. Mata masu wanki a bakin gaɓa su riƙa kiran su, "Sannunku da aiki, yau ayaba nawa aka ceto?" Shi kuwa dattijon ba ya dariya, sai dai ya girgiza kai ya ce wanda ya iya tuƙi ba ruwansa da koyon kifewa.

Wata ranar kasuwa cikin marka, kogi ya cika ya batse. Dattijo ya ɗauko mutane daga tsallake, ya kai tsakiya lafiya, sai wani icce da ruwa ya tumɓuko daga saman kogi ya taho ta ƙarƙashi ya doki jirgin. Ba laifin tuƙinsa ba ne, ko wa ke riƙe da filafilin sai ya kife. Dattijon nan ya iya ruwa kamar kifi, kuma duk ƙa'idar ceto tana cikin kansa, mahaifinsa ya gaya masa tun yana saurayi. Amma da ya ɗago kai ya ji ihu ta ko'ina, sai ya nufi wanda ya fi kusa da shi, gaba da gaba. Mutumin ya shaƙe masa wuya, suka nutse tare. 'Yan'uwan nan biyu suna gaɓa. Nan take suka tura nasu jirgin. Ƙanen ya jefa igiya ta tafi sumul, wan ya faɗa ruwa yana zagayo mutane ta baya, yana kai hannuwansu kan jirgin da ya kife, yana daka musu tsawa su riƙe. Shi ya ɓamɓare dattijon daga hannun wanda ya shaƙe shi. Da aka ƙirga a gaɓa, kowa ya fita sai wata mai tallan nono, wadda sai washegari aka tsinci gawarta a ƙasan gari. Aka tambayi wan yadda ya yi tunanin duk wannan cikin ruɗanin, ya ce shi bai yi tunanin komai ba, hannuwansa ne suka san hanya. Dattijon ya daɗe bai koma bakin kogi ba. Da rani ya zagayo, aka gan shi ya naɗe wando ya shiga ruwa da furfurarsa, ya ce wa 'yan'uwan, "Ku ɗora ni tare da ayabar, ku kifar."

To, ka ji. Gwaninta tana rage yawan ranakun tashin hankali, shi ya sa gwani ya fi kowa daɗewa bai gamu da su ba, hannunsa kuma yana mantuwa bai sani ba. Ran da zuciyar majinyaci za ta tsaya a kan teburinka, kana da ma'aikatan jinya suna kallon bakinka, danginsa kuma suna zaune a waje, babu lokacin tuno abin da ka karanta. Je ka yi kuskurenka inda ba za a yi zaman makoki ba, ka bar na bayanka su gyara maka in sun ga gyara. Hausawa sun riga sun faɗa: ba a fafe gora ranar tafiya.