Ayabar Kan Kabari

Ta tarar da yayan mijinta tsaye a kan kabarin, adda a hannu.

Bara kogin Sanaga ya kifar da kwalekwalen ɗanta, aka yi ta nema ba a ga gawa ba. Dangi suka bi al'ada, suka naɗe kututturen ayaba a farin ƙyalle suka binne a madadinsa, don kada kurwarsa ta yi ta yawo. Ita ko fitowa ba ta yi ba. Har yau ta ƙi sa baƙin kayan makoki, kuma in kare ya yi haushi ta wajen kogi sai ta leƙa.

Yanzu, ana cikin makonnin jiran Kirsimeti, ga ganye kore shar ya faso ƙasar kabarin. Ashe wanda aka aika yanko ayabar har da saiwarta ya tono.

"Matarmu, matsa in sare," in ji shi. "Yara sun daina bin hanyar nan. Cewa ake bai kwanta ba."

"Wa zai kwanta, Yaya? Ayaba kuka binne."

"An shekara fa. Ko Fada, limamin cocinmu, ya ce ki haƙura."

"Fada cewa ya yi lokacin jira ne. Na riga shi farawa."

Ta durƙusa ta juye ruwan tulunta a gindin tsiron. Ita ma ganyen na ba ta tsoro.

"Abin da kuka jefa rami, ba mai roƙa masa komai, Ubangiji ya tayar," ta ce. "Balle wanda nake kai masa sunansa kullum."