Sadakar Malam Sirajo

Malam Sirajo malamin sakandare ne a Kaya, yana kuma digiri na biyu a wata jami'a mai nisa. Hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Shi ya sa ranar da laburaren jami'ar ya ba shi lambar sirri ta shiga ta intanet, ji ya yi kamar an kawo masa laburaren har ɗaki. Yana zaune kan tabarma yake buɗe littattafai da mujallun bincike a waya. Babi ɗaya ya rage ya miƙa kundinsa kafin a rufe karɓa.

Sharaɗi guda aka gindaya masa: lambar tasa ce shi kaɗai. Sirajo ya ce wannan fi'ilin 'yan boko ne. Shi ɗan gidan malamai ne, a zauren mahaifinsa ba a taɓa hana kowa aron littafi ba. Da Yasir, ɗan ƙanen mahaifinsa, ya zo roƙo, nan take ya karanta masa ita.

Matarsa Fatiha ta ce, "Malam, abin ga amana ne hwa. Ba cewa sunka yi kar ka ba kowa ba?"

"Ke bari! Ni in ɓoye ilimi? Mi zan hwaɗa ma Allah gobe? In sun isa su zo Kaya su kama ni."

Yasir ya ba abokinsa, abokin ya ba wani mai shagon intanet a Talata Mafara. Shi kuwa mai shagon ya samu banza. Duk ɗalibin da ya shigo shagon, da sunan Sirajo ake sauke masa takardu ana sayar masa.

Wata safiya Sirajo ya sa lamba, ta ƙi buɗewa. Ya kira laburaren a fusace. Ma'aikaciyar ta ce da sunansa aka kwashi dubban takardu ana sayarwa, har masu mujallun sun toshe wa jami'ar shiga gaba ɗaya.

"Ni ban sai da komi ba, Hajiya! Sadaka na yi."

"Sadaka da kayan wani, Malam? Yanzu ɗalibanmu na Bakura da Maradun ma babu mai iya buɗe ko shafi ɗaya. Sai sun biyo hanyar da kai kake tsoro."

Kwamitin jami'ar ya dakatar da Sirajo shekara guda, aka rufe karɓar kundi babu nasa, ƙarin girman da yake jira a makaranta ya wuce shi. Ya kira Yasir, wayar a kashe. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, shi da ya rantse ba zai ɓoye ilimi ba, shi ya kulle wa ɗaruruwa ƙofarsa.

Jama'a, lambar laburare amana ce, ba kayan rabo ba. Duk wanda ya roƙe ku, ku dube shi ido da ido ku ce a'a, ko da uwa ɗaya kuke, sannan ku nuna masa yadda zai nemi tasa.