Awon Inuwa a Gidan Rashko

Bangon sabon gidan da ake ginawa ya sake tsagewa tun ba a ɗora katakon bene na biyu ba. Donka tana shanya ulu ta ji rugugin duwatsu suna gangarawa cikin kwazazzabo, ta kuma ji mijinta Rashko yana zagin magina har kakanninsu.

Kowa a garin ya saba da bene mai leƙo kan titi. Shi Rashko cewa ya yi a kafa nasa a leɓen dutse, kowane hawa ya fi na ƙasansa faɗi, har ɗakin baƙi na can sama ya rataya a kan iska, kogi yana wucewa ƙarƙashin daɓensa. Fataucin ulu ya ba shi halin yin hakan. Ƙasa ce kawai ta ƙi.

Usta Radoy, shugaban maginan, ya zo har gida ya cire hula. "Maigida, mun yanka zakara, mun yanka rago. Wurin nan ba jini yake nema ba, inuwa yake nema. Kuma ta wanda ke cin gurasa a teburinka."

Babu wanda bai san abin ba. Magini kan auna inuwar mutum da kara, ya binne awon a harsashi. Gini ya tsaya daram, mai inuwar kuwa ya yi ta bushewa, ba ya wuce farkon sanyi. Tun da aka fara aikin ma mutane suka daina bi ta wurin sai in akwai hadari.

Su uku ke zama a teburin Rashko: shi, da Donka, da Kalina, 'yar ƙaramar agolar da Donka ta zo da ita bayan rasuwar mijinta na fari. Ran nan ya daɗe yana kallon yarinyar tana lasar cokali.

"Ke ina jiran magaji daga gare ki," ya ce wa Donka bayan yarinyar ta fita. "Wannan tsinken kuwa, ban da ci me take tsinana min?"

Donka ta auna hanyoyin gudu ɗaya bayan ɗaya. Mashigar tsaunin a hannun 'yan ayarinsa take. 'Yan'uwanta duk ulunsa suke kaɗawa. Ta tattara kwanuka, ta goge teburin tsaf.

"To, gobe," ta ce. "Da sassafe, rana tana leƙowa, kafin mata su fito ɗiban ruwa. Ba na son ido."

Gari ya waye tas, babu ko ɗigon girgije. Donka ta yi wa Kalina kitso, ta shafa mata zuma a gurasa. Ta ɗauko wa mijinta babbar alkyabbarsa ta ulu da doguwar hularsa ta fatar rago, ta kakkaɓe su. "Iskar bakin kwazazzabo ba ta raga wa kowa," ta ce.

"Inna, ina za mu?"

"Za ki ga inda ɗakinki zai kasance."

A bakin ramin harsashi ta ɗaure wa yarinyar ido da ɗankwali, wai wasa ne. Kalina ta ji kukan kogi a ƙasa, ta fara zillewa.

"Riƙe ta mana!" in ji Rashko.

"Ni na haife ta, hannuna ba zai iya ba. Kai ka tsaya bayanta ka danne mata kafaɗu. Ka kuma runtse ido, ka san wanda ya kalli awo bango kan bi shi."

Ya yi dariya. "Ashe dai akwai wani abu a kan naki ban da gashi." Ya damƙi yarinyar, ya runtse ido.

Usta Radoy ya matso da guntun karan da ya yanko. Ya dubi ƙasa. Ya ɗago ya dubi Donka, ya daɗe yana dubanta, ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba. Sai ya yar da karan, ya kwance igiyar awon bango daga ƙugunsa.

"Usta, barci kake ko addu'a?"

"Inuwar safiya doguwa ce, maigida. A yi haƙuri."

Aka naɗe igiyar, aka ɗora dutse a kanta.

Bangon bai ƙara ko motsi ba. Hawa ya hau kan hawa, ɗakin baƙi ya miƙa kansa bisa kogi, har fatake suka riƙa tsayar da alfadarai a ƙetare suna kallo baki buɗe. Labari kuma ya fita cewa Donka ta miƙa inuwar 'yarta. Mata suka daina amsa gaisuwar Donka a bakin ruwa, wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabanta.  Ita kuwa Donka ta killace Kalina a ɗakin ƙasa, can take kai mata abinci.

"Ta fara ramewa?" Rashko kan tambaya.

"Sha miyarka, tana hucewa."

Ba ya iya shanye ta. Ya ce ƙurar ulu ce ta shiga masa ƙirji. Daga baya ya ce ɗanyen fenti ne. Aka huda masa sabon rami a ɗamara, aka ƙara hudawa.

Safiyar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, yana kwance a ɗakin baƙi, kofi ma ya gagare shi ɗauka. Sai ya ji ƙafafu suna hawan matakala a guje, da dariyar yarinya. Kalina ta leƙo, kumatu jawur, ta koma.

Ya juyo da ƙyar. "Donka... wannan ai lafiyarta lau."

Donka ta goge masa baki, ta ja masa bargo har wuya.

"Rana a bayanka take, maigida," ta ce a hankali. "Ran nan yarinyar ba ta da inuwa a ƙasa, taka ta rufe ta ruf."